Filin Tambaya da Amsa: Aiki a Kamfanin Ba da Shawara, Ribarsa da Wahalarsa

Wasiƙun wannan fitowa sun taru ne a kan batu ɗaya, wato aiki a kamfanonin da ke ba hukumomi da manyan 'yan kasuwa shawara kan yadda za su tafiyar da harkokinsu. Mun taƙaita wasiƙun, kuma mun sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na karanta tattalin arziki a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma na gama hidimar ƙasa. Wani babban kamfanin ba da shawara da ke Legas ya gayyace ni zagayen ƙarshe na ganawa, a daidai lokacin da kawuna ya samo mini gurbi a wata ma'aikatar jiha nan Sakkwato. Mahaifina yana ganin aikin gwamnati ya fi kwanciyar hankali, abokaina kuwa suna cewa duk wanda ya ƙi Legas ya yi wa kansa. Ni kuma ban ma gama fahimtar abin da ake yi a irin wannan kamfani ba. Ina neman shawararka. Daga wani matashi, Mabera.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Bai kamata mutum ya zaɓi tsakanin abu biyu ba alhali ɗayansu suna kawai ya sani, saboda haka bari mu fara da ainihin aikin. Irin wannan kamfani ba ya ƙera kaya, ba ya kuma sayar da su. Abin da yake sayarwa shi ne lokacin ma'aikatansa da tunaninsu. Banki ne zai ga ribarsa tana raguwa bai gano dalili ba, ko kamfanin siminti yana son sanin ko ya dace ya faɗaɗa masana'antarsa, ko gwamnatin jiha tana son ƙara kuɗin shigar da take tarawa a cikin gida, sai a ɗauko ayarin mutum huɗu ko biyar daga waje, a ba su wata biyu ko uku, su tattara bayanai, su yi lissafi, su gana da ma'aikata, daga ƙarshe su miƙa rahoton abin da suke ganin ya kamata a yi. Da zarar an karɓi rahoton an biya kamfaninsu, sai a rarraba su zuwa wasu ayyukan a wasu garuruwan.

A Amurka sana'ar ta girma. James McKinsey, wanda malamin akanta ne a Jami'ar Chicago, shi ya kafa kamfanin McKinsey a 1926, sannan aka kafa BCG a 1963 da Bain a 1973, dukansu biyu a birnin Boston. McKinsey da BCG suna da ofisoshi a Legas, amma mutanen da suke ɗauka a shekara ba su da yawa. Inda matasanmu suka fi samun shiga shi ne manyan kamfanonin akanta huɗu, wato Deloitte da PwC da KPMG da EY, waɗanda asalin aikinsu binciken littattafan kuɗi ne kafin su buɗe sassan haraji da na ba da shawara, kuma dukansu suna da ofisoshi a Abuja. Reshen Deloitte na Najeriya ma tushensa kamfanin da marigayi Akintola Williams ya kafa ne a 1952. Bayan waɗannan akwai na gida, irin su Phillips Consulting da aka kafa a 1992, da Sahel Consulting mai aiki a fannin noma da abinci. Ba ka faɗi rukunin da naka yake ba, kuma akwai bambanci a albashi da nauyin aiki, amma tsarin rayuwar kusan ɗaya ne.

Babbar ribar aikin nan ita ce saurin koyo, kuma a ganina ita kaɗai ta isa a yi masa kallon mutunci. A ce an tura ayarinku wata jiha don duba harajin kasuwanni. Kai da kake ƙarami, kai za a miƙa wa tarin rasitai da rajistocin da aka cike da hannu, wasu shafukan ruwa ya taɓa su, wata ƙaramar hukuma ta rubuta kuɗinta wata-wata, wata kuma ta haɗa na rabin shekara a layi ɗaya. Aikinka ne ka shigar da su cikin Excel, ka daidaita su, ka gano inda lissafi bai haɗu ba, ka koma wurin mai karɓar haraji ka tambaye shi dalili ba tare da ka sa ya ji kamar tuhumarsa kake yi ba. Bayan haka sai ka matse abin da ka gano cikin shafi ɗaya na PowerPoint, wanda kwamishina zai kalla na minti biyu ya fahimta. Manajanka zai dawo maka da shafin nan sau da yawa, yana tambayar inda ka samo kowace lamba, har sai ka koyi kada ka rubuta abin da ba za ka iya karewa ba. Idan wannan aiki ya ƙare, mai yiwuwa na gaba a banki ne, na bayansa kuma a kamfanin sadarwa ko asibiti. Abin da za ka gani cikin shekara biyu, wani ma'aikacin sai ya shekara goma a teburi ɗaya bai ga rabinsa ba.

Akwai kuma shiga cikin manya tun kana yaro. Matashin da bai kai shekara talatin ba zai zauna a ɗakin da shugaban kamfani da daraktocinsa suke yanke shawara, ko da kuwa nasa aikin rubuta abin da aka tattauna ne kawai, kuma zama a irin wannan ɗaki yana cire wa mutum tsoron manya, yana koya masa yadda ake faɗin magana mai ɗaci cikin ladabi. Albashin farawa a manyan kamfanonin ya fi na ma'aikatar jiha nesa ba kusa ba, da yawansu kuma suna taimaka wa ma'aikaci wajen jarrabawar ƙwararru irin ta ICAN, wato cibiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya. Sunan kamfanin a takardunka yana buɗe ƙofofi daga baya, ko a banki, ko a hukumomin raya ƙasa, ko wajen neman gurbin digiri na biyu a waje. Wani abin da ya kamata ka yi alfahari da shi shi ne cewa ka kai zagayen ƙarshe ba tare da takardar kowa ba, domin galibi jarrabawa da ganawa ne ke tace mutane a waɗannan wurare.

To, yanzu sai wahalar, kuma ba ƙarama ba ce. Lokacinka ba naka ba ne. Tun da lokacin ma'aikata kamfanin yake sayarwa, kowace sa'a ana rubuta ta, ana kuma duba kashi nawa na makonka aka caji mai ba da aiki, wato kamfani ko hukumar da ta ɗauko ku. Idan wa'adin miƙa rahoto ya matso, tashi daga ofis bayan sallar isha'i ba abin mamaki ba ne, kuma saƙon manaja yana iya shigowa ranar Asabar da safe. Yawancin ofisoshin suna Ikoyi ne ko Victoria Island, inda kuɗin haya ya fi ƙarfin sabon ma'aikaci, saboda haka zai kama ɗaki can nesa, ya biya hayar shekara guda a dunƙule, ya riƙa fita tun da asuba don ya tsere wa cunkoson gada. Idan ka cire haya da mota da abinci, ka kuma cire abin da za a sa ran ka riƙa aikowa gida tun da an ji kana babban kamfani, za ka tarar albashin da ya ba ka sha'awa a takarda ya rage ƙiba. Tsakanin Legas da Sakkwato kuwa tafiya ce ta kusan kilomita 1,000. Ɗaurin auren aboki, da sunan ɗan yayarka, da zaman makokin dattijon unguwa, da yawa za su wuce ka, wasu ma sai dai ka yi ta'aziyya ta waya. A garinmu wannan ba ƙaramin rashi ba ne, kuma kada ka bari abokai su nuna maka kamar ba komai ba ne.

Sannan akwai tsarin da manyan kamfanonin ƙetare suka shahara da shi, wanda a cikinsa ma'aikaci ko dai ya hau mataki na gaba cikin lokacin da aka ɗiba, ko kuma a nuna masa cewa ya kamata ya nemi wani wuri. Matakan suna farawa daga mai nazari, zuwa mai ba da shawara, zuwa manaja, har zuwa abokin tarayya mai kaso a ribar kamfani, kuma kowane mataki ya fi na ƙasansa ƙarancin kujeru. Ana auna ka bayan kowane aiki, ana kwatanta ka da tsararrakinka. Wannan ya sa mafi yawan masu shiga ba a nan suke tsufa ba. Mahaifinka bai yi kuskure ba da ya ce aikin gwamnati ya fi kwanciyar hankali. A can ba a sallamar mutum don kawai wani ya fi shi sauri.

Illar da ba a cika faɗa ba, wadda ni kuma na fi jin tsoronta ga matashi, ita ce sabawa da ba da shawarar da ba kai za ka ɗauki nauyin sakamakonta ba. Mu a Sakkwato mun san matsayin mai ba shugaba shawara tun zamanin Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, amma waziri yana zaune ne a garin, idan shawararsa ta ɓaci da shi za a sha wahalarta, kuma gobe zai haɗa ido da mutanen da ta shafa. Ma'aikacin kamfanin shawara kuwa yakan miƙa rahoto ya hau jirgi, ba lalle ne ya taɓa jin ko an aiwatar ko an jefa a durowa ba. Wanda ya daɗe a haka yakan iya tsara magana a kan kowane fanni, amma bai taɓa riƙe ma'aikata goma ya biya su albashi a watan da ciniki ya tsaya ba. Ilminsa yana da faɗi, zurfinsa kaɗan ne, kuma wani lokaci shi kansa ba ya lura, saboda ya saba ana sauraronsa.

Duk da haka, idan suka ɗauke ka, ra'ayina shi ne ka tafi, amma da niyyar koyo na shekara biyu zuwa huɗu, ba da niyyar zama ba. Dalilina shi ne cewa ƙofofin biyu ba iri ɗaya suke rufewa ba. Kamfanonin nan sukan sa iyakar shekarun haihuwa ga sababbin ɗauka, sukan kuma nemi sakamako mai kyau, saboda haka damar ta ƙuruciya ce, idan ta wuce da wuya ta dawo. Gurbin da kawunka ya samo shi ma ba zai jira ka ba, wannan gaskiya ne, amma wanda ya dawo da irin wannan horo yana da abin da zai nuna, ko a gwamnati, ko a jami'a, ko a masana'antu irin kamfanin siminti na Kalambaina, ko kuma a kasuwancin kansa. Sharaɗin kawai shi ne yardar mahaifinka. Kada ka je masa da gardama. Ka fara zama da kawun naka, ka gode masa, ka bayyana masa tsarinka da lokacin da kake niyyar dawowa, ka roƙe shi ya shige maka gaba. Idan bayan haka mahaifinka ya ƙi, ka haƙura ka kama na gida, ka yi amfani da yammacin da aikin gwamnati zai bar maka wajen jarrabawar ƙwararru da koyon sarrafa bayanai a kwamfuta.

Game da ganawar kuwa, ka shirya wa tambayar da ba ta da amsa a littafi. Suna iya cewa ka ƙiyasta buhun albasa nawa ke fita daga Sakkwato zuwa kudu a mako guda lokacin kaka. Ba lambar suke nema ba, hanyar tunaninka suke son gani. Sai ka ce za ka fara da manyan wuraren lodi, ka ƙiyasta mota nawa ke tashi daga kowanne a rana, da buhu nawa mota ɗaya ke ɗauka, ka bambanta ranar kasuwa da sauran ranaku, ka faɗi zaton da ka gina lissafin a kai, sannan ka nuna wane zato ne idan ya sauya zai fi girgiza amsar. Ka riƙa yin irin wannan da baki, cikin Turanci, a gaban wani aboki da zai katse ka da tambayoyi.

Tambaya: Malam, barka da aiki. 'Yata ta karanta akanta, kuma ɗaya daga cikin manyan kamfanonin nan ya ɗauke ta a ofishinsa na Abuja. An riga an sa ranar aurenta. Na ji an ce aikin yawo ne da kwanan otal, shi ya sa hankalina bai kwanta ba. Shin aikin ya dace da 'ya mace mai shirin aure? Daga wata uwa, Runjin Sambo.

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya kuma nuna mana lokacin lafiya. Abin da kika ji yana da tushe, amma ya danganta da sashen da aka sa ta. Masu aiki a sashen haraji sun fi zama a ofis. Masu binciken littattafan kuɗi suna zuwa wurin kamfanonin da suke bincika, kuma aikinsu ya fi tsanani a watannin farko na shekara, lokacin da ake rufe lissafin shekarar da ta wuce. Sashen ba da shawara shi ne ya fi yawan tafiya, domin inda mai ba da aiki yake can ake zuwa, wani lokaci na kwanaki, wani lokaci na makonni. Saboda haka abu na farko shi ne ta tambayi ofishin kula da ma'aikata, tun kafin ta sa hannu, wane sashe ne nata, yaya yawan tafiyarsa yake, wane irin masauki ake ba mata ma'aikata, kuma ko ana barin mutum ya yi wasu ranaku yana aiki daga gida. Yin waɗannan tambayoyi ba ya rage mata daraja a idonsu.

Ta kuma tambayi tsarin hutun haihuwa a rubuce. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta tanadi mako 12, wasu kamfanonin kuma suna ƙarawa a kan haka. Sai dai in gaya miki gaskiya, a wurin da ake auna mutum da sa'o'in da ya yi wa masu ba da aiki, wadda ta tafi hutun haihuwa takan dawo ta tarar tsararrakinta sun ɗan yi gaba, kuma shekarun da ake tsananin gasar hawa mataki su ne dai shekarun goyo. Mata da yawa sun jure sun kai manyan matsayi, amma kusan kullum za ki tarar akwai miji mai fahimta da wata 'yar'uwa ko uwa da ke riƙe gida a bayansu.

Wannan ya kawo mu ga wanda ya fi kowa muhimmanci a maganar, wato angon. Kada a ɓoye masa komai don gudun kada ya fasa, kuma kada a karɓi “ba komai” na lokacin zance a matsayin yarda. A zaunar da shi tare da waliyyai, a faɗa masa ƙarara cewa akwai ranakun da za ta dawo da dare, akwai kuma tafiye-tafiye, a ji ta bakinsa. Hukuncin tafiyar mace ba tare da muharrami ba kuwa magana ce ta malamai, kuma Sakkwato ba ta rasa waɗanda za a tambaya ba. Abin da ya dace shi ne a kai musu bayanin aikin yadda yake, ba yadda ake jin labarinsa ba.

Akwai wani ɓangare da zai iya kwantar miki da hankali. Ayyuka da yawa na lafiya da ilmi da noma a Arewa suna buƙatar a shiga gidaje a yi magana da mata, kuma kin san namiji baƙo iyakarsa zaure. Mace mai ilmin lissafin kuɗi, mai jin Hausa, wadda za ta zauna a tabarma da matan gida su saki jiki su gaya mata yadda suke adashi da abin da ke hana su zuwa awo, ba ta da yawa a waɗannan kamfanoni, kuma suna sane da haka. Idan ta yi shekara biyu ko uku ta samu takardar ƙwarewa, za ta iya zaɓar aikin da ya fi dacewa da gidanta, har ma a nan kusa da ke.

Tambaya: Malam, ɗalibi ne ni a ajin ƙarshe, kuma ina sha'awar wannan aiki, amma na ji cewa bankunan ruwa da kamfanonin giya suna cikin waɗanda ake yi wa aiki. Yaya mutum zai tsare addininsa? Daga wani ɗalibi, Tudun Wada.

Amsa: Ɗana, fatawa ba tawa ba ce, amma zan gaya maka yadda abin yake don ka kai wa malaminka cikakken bayani. Bankuna suna cikin manyan masu ba waɗannan kamfanoni aiki a Najeriya, kuma kamfanonin giya da na taba da na caca su ma suna neman shawara kamar kowa. Sabon ma'aikaci ba shi ke zaɓar inda za a tura shi ba. Wasu kamfanonin suna barin mutum ya nemi a cire shi daga aikin da ya saɓa wa imaninsa, kuma an fi samun sauƙin haka idan ya faɗa tun da wuri, cikin natsuwa, ya kuma nuna ƙwazo a sauran ayyuka, amma wanda ya ce ba zai taɓa kowane aikin banki ba zai sha wuya a wasu sassan. Hanya mafi sauƙi ita ce ka karkata tun farko zuwa fannin da ba ka da shakka a kansa, kamar ayyukan gwamnati da lafiya da noma da wutar lantarki. Harkar kuɗi marar ruwa ma tana girma: bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021, kuma gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk ɗinta na farko, wato takardun zuba jari marasa ruwa, na naira biliyan 100 a 2017. Wanda ya haɗa fikihun mu'amala da ilmin kuɗi na zamani yana da kasuwa a nan. Salla da azumi kuwa ba su cika zama matsala ba idan mutum ya bayyana matsayinsa tun makon farko, ya sanar cewa zai fita Juma'a, maimakon ya riƙa saɓulewa a ɓoye.

Sai dai ina so ka lura cewa jarrabawar da ta fi yawa a aikin nan ba ta sunan mai ba da aiki ba ce, ta gaskiya ce. Wanda ya biya kuɗin rahoto sau da yawa ya riga ya san amsar da yake so, wani lokaci ma ya gama yanke shawarar rage ma'aikata, yana neman baƙin da za a jingina wa abin ne kawai. A nan ne za a ce maka ka sassauta wata jimla, ko ka mayar da wata lamba can ƙarshen rahoto inda ba mai dubawa. Manyan kamfanonin ma sun faɗa irin wannan rami. A 2021 McKinsey ya amince ya biya jihohin Amurka dala miliyan 573 saboda shawarar da ya ba kamfanin Purdue Pharma kan yadda zai ƙara cinikin maganin OxyContin mai sa jaraba. A Afirka ta Kudu kamfanin ya mayar da kuɗin da ya karɓa daga hukumar lantarki ta Eskom, Bain kuma gwamnatin ƙasar ta hana shi kwangilolinta a 2022 saboda rawar da ya taka a hukumar tara haraji. Hadisi ya tabbata cewa wanda aka nemi shawararsa abin amincewa ne, kuma a wannan sana'a amanar ta haɗa da faɗin abin da lissafi ya nuna, da kuma rufe sirrin da ka gani a littattafan mutane, ko da a hira da abokai ne.

Tambaya: Malam, na daɗe ina aiki a wata ma'aikata, kuma na sha ganin ana kawo mana kwansaltan, su yi mana tambayoyi, su rubuta abin da muka gaya musu, a biya su miliyoyi. Ina tunanin in ajiye aiki in buɗe nawa kamfanin, tun da na fi su sanin aikin. Me ka gani? Daga wani ma'aikaci, Arkilla.

Amsa: Yallaɓai, ƙorafinka yana da gaskiya a ciki, kuma ba kai kaɗai ke yin sa ba. Amma abin da ake biya ba sanin aikin kaɗai ba ne. Ana biyan kasancewarsu baƙi waɗanda ba sa tsoron darakta, ana biyan iya tsara bayanai da kwatanta su da na wasu jihohi, sannan masu ba da tallafi ko rance, irin su Bankin Duniya, sukan so a ce wani daga waje ne ya tantance. Kai da ka san cikin gida kana da rabin abin da ake nema. Sauran rabin shi ne rubuta takardar neman kwangila, da sarrafa alƙaluma, da rubuta rahoto cikin wa'adi, da kuma sanin mutanen da ke ba da aikin.

Ban ba ka shawarar ajiye aiki yanzu ba. Mai ba da shawara mai zaman kansa da kwana ake biyansa, ba shi da albashin wata, ba shi da fansho sai wanda ya tara wa kansa, kuma kuɗin aikin da ya gama yana iya yin watanni bai fito ba, bayan an cire masa haraji tun daga tushe. Yawancin irin wannan aiki a jihohinmu kuma kuɗin ƙasashen waje ne ke ɗauke da shi, kuma mun ga abin da ya faru a Janairun 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙetare, ayyukan USAID, hukumar raya ƙasashe ta Amurka, suka tsaya, mutane da yawa a fannin lafiya da ilmi suka wayi gari ba aiki. Haɗa biyun ma ba mafita ba ce, domin ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin tsarin mulkin 1999 ta hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da wata sana'a ko kasuwanci na kansa, in ban da noma.

Abin da za ka iya yi tun yanzu shi ne, duk lokacin da aka kawo irin waɗannan baƙi ma'aikatarku, ka nemi a sa ka cikin jami'an da za su yi aiki tare da su, ka lura da yadda suke tsara tambayoyi da rahoto, ka riƙe lambobin wayarsu, ka kuma zaɓi fanni guda, kamar kasafin kuɗi ko sayen kayan gwamnati, ka samu takardar ƙwarewa a kansa. Idan ritaya ta zo, a shekara 35 ta aiki ko 60 ta haihuwa, sai ka fara da shiga ayarin wani kamfani a matsayin ƙwararre na 'yan makonni, ka ga yadda ake biyan kuɗi da yadda ake jinkirta shi, kafin ka je CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka yi rajistar naka.